Gyaran Banki da Hutun Iyali

A ƙasar Amurka akwai wata dabara da ta bazu tsakanin magidanta, har da masu zuwa sujada kowace Lahadi. Mutum ya karɓi katin bashi daga banki, ya riƙa sayen abinci da man mota da tufafin yara da shi, bankin kuwa yana rubuta masa maki a kan kowace dala da ya kashe. In makin ya taru, sai ya musanya shi da tikitin jirgin sama da kwanan otal, ya kwashi matarsa da ƴaƴansa zuwa babban filin wasan nan na Disney. Da ya dawo sai ya gaya wa maƙwabta tafiyar kyauta ce, banki ya biya. Tambayar da ke gaban mai bi ita ce: kyautar nan ta gaskiya ce? In ba kyauta ba ce, wa ya biya? In kuwa an gane wanda ya biya, ko ya halatta Kirista ya ci?

Wani zai ce me ya haɗa mai karatu a Maraɗi ko Garwa ko Kumasi da katin Amurka. Abu biyu suka haɗa su. Na fari, akwai ƴan'uwa masu bi da ke zaune can, katin yana aljihunsu, kuma hotunan hutunsu suna isowa gida ta waya. Na biyu, tambayar ta girmi katin. Duk inda mai ba da bashi ya miƙo tukuici, ko banki ne ko kamfanin waya mai ranta wa mutum kuɗin kira, lamiri yana da abin bincike.

Yadda abin yake tafiya

Katin ya fara ne a birnin New York a 1950, sa'ad da kamfanin Diners Club ya fito da shi domin masu cin abinci a gidajen abinci su ci yanzu su biya ƙarshen wata. A 1958 Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno a jihar Kalifoniya katuna kusan dubu 60 ta gidan waya, ba tare da sun roƙa ba. Wannan katin ne ya zama Visa a 1976. Ladan ya biyo baya. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya soma ba fasinjojinsa maki a 1981, a 1986 kuma katin Discover ya bazu a ƙasar da alkawarin mayar wa mai saye ɗan kaso na abin da ya kashe. Daga nan bankuna suka shiga tsere, kowa yana ƙara zaƙin tayinsa.

Shi kuwa filin wasan, Walt Disney ya buɗe na farko a Kalifoniya a 1955. Babban, wanda ke kusa da Orlando a jihar Fulorida, an buɗe shi ran 1 ga Oktoba 1971, shekara biyar bayan rasuwar mai sunan. A ranar buɗewa babba yana shiga da dala uku da rabi, ko da yake a lokacin ana biyan kuɗin hawa lilo dabam. A 2015 tikitin wuni ɗaya ya wuce dala 100. Dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, ba dalar kasuwar Damagaram ba. In aka haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci na uba da uwa da yara biyu har kwana biyar ko shida, lissafin yana kai dubban daloli. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi ba ya iya fid da wannan daga aljihu haka nan. Shi ya sa makin katin ya zama masa kamar tsani.

Wa ya biya?

Bahaushe ya san gyara. In mace ta auna mudu biyar na gero, mai awo ya ƙara mata cikin tafi. Gyaran nan daga ribarsa ya fito, yana kallon idonta ya ba ta, ba wanda ya yi kuka saboda shi. Masu tallan kati suna so a ɗauki makin banki kamar gyara. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba shi da rumbun da yake ɗebo kyauta daga ciki. Abin da ya bayar, daga hannun wani ya karɓo, ta ƙofa biyu manya.

Ƙofa ta fari ita ce la'adar da mai kanti yake biya. Duk sa'ad da aka saya da katin bashi a Amurka, ana cire wa mai kantin wajen dala biyu zuwa uku cikin ɗari, mafi yawanta kuma bankin mai katin ne yake ɗauka. Mai kanti ba ya haɗiye wannan hasara, sai ya zuba ta cikin farashin kaya. Galibi farashin ɗaya ne ga kowa, ga mai kati da mai tsabar kuɗi. Wato gwauruwar da banki ya ƙi ba ta kati, wadda ta ƙirgo kuɗinta ta sayi madara, ta biya rabonta na la'adar, ba ta kuwa sami maki ko ɗaya ba. Masu bincike na babban bankin Amurka reshen Boston sun nuna haka a 2010: kuɗi yana gangarowa daga gidajen masu biya da tsaba zuwa gidajen masu kati, daga marasa ƙarfi zuwa masu hali.

Ƙofa ta biyu ita ce kuɗin ruwa. Wanda ya biya bashin katinsa duka a ƙarshen wata, ba a ɗora masa ruwa. Wanda ya kasa, ragowar takan fara haihuwa. A 2023 da 2024 ruwan katin bashi a Amurka ya haura 20 cikin ɗari a shekara, a 2023 ɗin kuma jimlar bashin katuna a ƙasar ta wuce dala tiriliyan 1, wato biliyan dubu. Kusan rabin masu katin sukan ƙetare wata da ragowar bashi a kansu. Wani binciken da babban bankin ya buga a 2023 ya ƙiyasta cewa ta hanyar katunan lada, wajen dala biliyan 15 suke sauya hannu kowace shekara, daga masu ƙarancin ilimi zuwa masu ilimi, daga unguwannin talakawa zuwa na masu arziki. Masu binciken sun lura da wani abu kuma. Ba talauci kaɗai ne yake jefa mutum a ramin ba. Akwai masu babban albashi da suke hasara, domin ba su iya riƙe hannunsu ba. Mai wayo yana ci daga wanda ba shi da wayo.

Ashe tikitin da uban nan ya riƙe a ƙofar filin wasa ba daga sama ya faɗo ba. Akwai gumin wani a jikinsa.

Abin da masu dabarar suke faɗa

Bai kamata a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Masu wannan dabara suna da hujja uku, ba kuwa na wasa ba ne.

Suna cewa hutu da murnar iyali abu ne mai kyau a gaban Allah. Gaskiyarsu. Ubangiji ne ya kafa ranar hutu. Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta, sa'ad da taro ya hana su ko cin abinci (Markus 6). A cikin Shari'a ma an umarci Ba'isra'ile ya sayar da wani kaso na amfanin gonarsa, ya ɗaure kuɗin, ya tafi wurin da Ubangiji ya zaɓa, ya sayi abin da ransa yake so, ya yi biki da iyalinsa (Maimaitawar Shari'a 14). Uban da yake so ya ga ƴarsa tana dariya bai yi zunubi ba. Bangaskiyar da ke ɗaure fuska kullum ba ta Littafi Mai Tsarki ba ce.

Suna cewa kuma ba su yi sata ba. Banki ne ya yi tayi a fili, ya rubuta sharuɗɗa, suka cika. Ba su ba kowa bashi da ruwa ba, ba su tilasta wa kowa ya karɓi kati ba. Wannan ma haka yake.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. In mai bi ya ƙi katin, farashin madara ba zai sauka ba ko da anini. Gwauruwar ba za ta sami sauƙi ba. Abin da zai faru kawai shi ne, shi ma zai koma layin masu biyan la'ada ba lada, banki ya riƙe rabonsa. Wane alheri ke cikin hasarar da ba ta amfani kowa?

Tunkiyar matalauci da naman kasuwa

Akwai labari biyu a Littafi Mai Tsarki da suke ja da juna a kan wannan magana, dole a saurare su duka.

Na fari shi ne misalin da annabi Natan ya ba sarki Dawuda (2 Sama'ila 12). Attajiri mai garkuna ya yi baƙo, ya ƙi taɓa nasa, ya ɗauke ƴar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci ya yi wa baƙon liyafa. Karɓar baƙo abu ne mai kyau, kamar yadda kai yara hutu yake da kyau. Laifin yana wajen naman. Shari'ar Musa ta tsananta a kan haka: ta hana a ɗora wa matalauci ruwa, ta ce in an karɓi mayafinsa jingina a mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai kwana (Fitowa 22). Nehemiya ya tsawata wa manyan Yahuda da suka bar ƴan'uwansu suna jinginar da gonaki, har da ba da ƴaƴansu bauta saboda bashi (Nehemiya 5). Ikkilisiya ta riƙe wannan koyarwa tun farko. Majalisar Nikiya ta shekara 325 ta ce a tuɓe duk ma'aikacin Ikkilisiya da aka kama yana ba da rance da ruwa. Duk wanda ya karanta waɗannan ba zai iya kallon ruwa na 20 cikin ɗari a wuyan mai ƙaramin ƙarfi ya ce ba kome ba.

Amma mai katin ba shi ne attajirin Natan ba. Bai shiga gidan kowa ya kwance tunkiya ba, bai ma san mai ita ba. Ya fi kama da mutanen Koranti da suka tambayi Bulus a kan naman kasuwa. A garinsu yawancin naman da ke kan teburin mahauta ya bi ta haikalin gumaka. Bulus bai ce su daina cin nama ba. Ya ba su izini su saya ba tare da bin diddigin kowace tsoka ba, gama duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Sai dai ya kafa iyaka: in cin naman zai sa ɗan'uwa mai raunin lamiri ya yi tuntuɓe, a bar shi. Ya kuma tuna musu cewa abu yana iya halatta amma ya kasa gina kowa (1 Korantiyawa 8 da 10).

In aka ɗora labaran biyu a ma'auni, ga abin da ya fito. Karɓar makin kati ba zunubi ba ne a kan kansa. Mutum yana zaune cikin kasuwar da ba shi ya shirya ta ba, ba kuma wanda zai iya wanke kowane kuɗi da ya shigo hannunsa daga dukan zaluncin duniya. Amma makin ba kyauta ba ne, kuma wanda ya riga ya san inda ya fito ba zai sake zama kamar wanda bai sani ba. Sani yana jawo hakki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Askin da ke kan mai bi

Na ɗaya, ya biya bashinsa duka kowane wata, in kuwa ya san ba zai iya ba, kada ya taɓa katin. Lissafin a fili yake. A ɗauki misalin magidancin da ya kashe dala dubu 30 a shekara ta katin da ke mayar da biyu cikin ɗari. Ladansa dala 600 ne. In ya bar ragowar bashin dala dubu 5 ta shekara a kansa da ruwa na 22 cikin ɗari, zai biya wajen dala 1,100. Ya ba da saniya ya karɓi akuya, yana kuma godiya. Littafin Karin Magana ya kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun mai ba shi (sura 22), Yesu kuma ya yi maganar mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya haƙa tushe (Luka 14). Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba su ce a haɗiye shi da gangan domin kallon wasa ba.

Na biyu, kada ya sayi abin da da ba zai saya ba. A nan tarkon ya fi ɓoyuwa. Bankuna sukan yi alkawarin maki mai yawa ga sabon mai kati, muddin ya kashe dubban daloli cikin wata uku na fari. Sai mutum ya ga wa'adi ya matso, ya shiga neman abin saye. Ko ba wa'adi ma, kati yana kashe zafin rabuwa da kuɗi. Malamai biyu na jami'ar MIT sun gwada wannan, suka buga sakamakon a 2001: da aka yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce za su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsaba suka taya. Mutumin da ya ƙara kashe dala ɗari domin ya sami ladan dala biyu, ba shi ya ci banki ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, kada ya yi ƙarya. Akwai masu rubuta albashin da ba su da shi a takardar neman kati. Akwai masu cewa suna da sana'a alhali ba su da ita, domin a ba su katin ƴan kasuwa mai babban lada. Akwai masu juya kuɗi daga kati zuwa banki su sake dawowa da shi, a ga kamar sun yi ciniki. Sukan ce ai banki ma macuci ne. Ko da haka ne, doka ta hana shaidar zur ba ta ware bankuna ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaran da aka yi ƙaryar dominsu kuma suna da ido.

Na huɗu, kada ya zama ɗan kiran banki a cikin Ikkilisiya. Bankuna suna ƙara wa mutum maki in ya kawo musu wani. Ga ɗan'uwa mai riƙon hannu yana nuna hotuna bayan sujada, yana cewa abin ba wuya. Ga wani kuma mai yara huɗu da albashin da ba ya kai wata, ya ji kunya a gaban ƴaƴansa, ya karɓi katin. Bayan shekara guda na farkon yana shirin wata tafiya, na biyun yana biyan ruwa, ruwan nan kuwa yana cikin abin da yake cika tulun na farkon. Wannan shi ne tuntuɓen da Bulus ya yi kashedi a kai. A nan mai katin ya tashi daga matsayin mai sayen nama a Koranti, ya matsa kusa da attajirin Natan, domin yanzu ya san mai tunkiyar da sunansa.

Na biyar, ya bar gefen gonarsa. Shari'a ta umarci manomi kada ya girbe gonarsa har iyaka, ya bar kala domin matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19). A bikin nan na Maimaitawar Shari'a 14 ma an gargaɗi mai gida kada ya manta da Balawe wanda ba shi da gādo. Wanda ya sami dala 600 ta hanyar da ya san masu rauni ne suka cika ta, ya dace ya fid da wani kaso ya mayar wajensu. Yana iya taimakon wani ɗan'uwa ya kashe bashin da ya shaƙe shi, kamar yadda Elisha ya fid da gwauruwar da mai bin bashi ya zo ɗaukar ƴaƴanta biyu (2 Sarakuna 4). Yana iya zama da matasan Ikkilisiya ya koya musu lissafin ruwa kafin banki ya koya musu da bulala. Akwai kuma ƙungiyoyin taimako da suke karɓar makin jirgi domin tafiyar yara marasa lafiya.

Na shida, kada ya kare tsarin don yana ci a ciki. Yadda kasuwar take a Amurka ba dokar sama ba ce, mutane ne suka shirya ta. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade la'adar da bankin mai katin bashi yake karɓa, ta ce kada ta wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Shi ya sa ladan katuna a Faransa da Jamus bai kai na Amurka ba. In aka kawo irin wannan magana a gaban masu yin doka, mai bi da ya tashi yana kuka don za a rage masa maki ya nuna inda zuciyarsa take.

Abin da yaro zai riƙe

Saura tambaya ɗaya, ita ce ta ƴaƴan da aka yi dukan wahalar saboda su. Yaro ba ya ganin takardar banki, amma yana jin maganar ubansa. In ya tashi yana jin cewa akwai daɗin da ba wanda ya biya, cewa mai wayo yakan ci banza, to, an ba shi kwana shida na lilo an kuma dasa masa ƙarya ta shekara sittin. Uban kirki zai gaya masa gaskiya: wannan tafiya tana da tsada, ga yadda aka same ta, ga waɗanda suka ɗauki wani ɓangare na nauyinta, ga kuma abin da gidan nan ya mayar.

Iyalin da ba su da hanyar zuwa kuwa, kada su ɗauka sun gaza. Ba wata doka ta Allah da ta ce sai yaro ya ga Orlando kafin ya san ana ƙaunarsa. Masu talla ne suka rubuta wannan, domin su sayar. Gidan da ya yi tanadi kaɗan kaɗan, kamar yadda mata suke zuba adashe, ya tafi inda ƙarfinsa ya kai, ya dawo ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya fi gidan da ya yi nisa ya dawo da igiya a wuya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Saboda haka mai bi da ke riƙe da katin yana da izini ya tafi, in ya cika hakkin da sani ya ɗora masa. In ya auna kansa ya ga ba zai iya ba, barin tafiyar ya fi masa, gama Bulus ya gaya wa Timoti cewa ibada tare da wadar zuci ita ce riba mai yawa (1 Timoti 6). Ubangiji ya ba iyaye hikimar rarrabe gyara da tarko, ya kuma ba su zuciyar tunawa da wanda ya biya.